Horon tsaya wa abokin aiki ba koyon cacar baki ba ne

Akwai wata fahimta da take damuna game da horon da asibitocin hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, suke ba ma'aikatansu kan matakin da mutum zai ɗauka idan an nuna wa wani wariyar launin fata a gabansa. Da yawa suna zaton ana so ne kowa ya tsaya ya yi sa-in-sa da mai laifin nan take, kuma fargabarsu tana da dalili, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya son ja da babban likita.

Sai dai tunkarar mutum kai tsaye hanya ɗaya ce kawai daga cikin waɗanda ake koyarwa. Tun a 1968 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Darley da Latané, suka nuna cewa idan shaidu suka yi yawa, kowa yakan jira wani ya fara motsawa, kuma wannan jiran ne horon yake son kawarwa.

A ce majinyaci ya ƙi yarda wata ma'aikaciyar jinya 'yar Najeriya ta yi masa allura saboda launin fatarta. Abokiyar aikinta tana iya katse maganar da wata tambaya, ko ta kira shugabar ɗakin jinyar, ko kuma, wanda a ganina aka fi raina muhimmancinsa, ta sami ma'aikaciyar jinyar daga baya ta tabbatar mata cewa ta ji abin da aka faɗa, sannan ta rubuta rana da lokaci, domin rahoton da yake da shaida ya fi wuyar yin watsi da shi.