Rezon Maraɗi ya kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora masa

Da zarar an idar da sallar isha'i, intanet a unguwarmu ta Zariya da ke nan Maraɗi yakan durƙushe, domin a lokacin ne kowa ke riƙe da salularsa. Shekaran jiya na kwashe kusan awa guda ina ƙoƙarin aika wa wani abokin ciniki da ke Katsina hoton buhunan wake ta WhatsApp, alamar nan tana ta juyawa a kan allo, har sai da na fita na tsaya bakin titi kafin saƙon ya wuce. Forfen da na saya da jika guda kuwa kwanakinsa suna ta ƙarewa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, kamfanonin sadarwa ba su gajiya da sayar da sababbin layuka, alhali eriya guda ce ke ɗauke da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu kallon bidiyo baki ɗaya. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa, kuma idan aka ɗauke wutar lantarki a tsakiyar zafin Afrilu, lamarin ƙara taɓarɓarewa yake yi. A ƙara eriya kafin a ƙara tallace-tallace.