Tsohon rutar ba shara ba ne, masu gyara na Yamai su koyi OpenWrt

A yawancin gidajen Yamai da ke da wifi, ranar da aka kafa rutar ita ce ranar ƙarshe da wani ya leƙa cikinsa. An sa suna, an sa kod, an ɗora shi bisa kabad ko an rataye shi a bango, shi ke nan. In rezo ya yi nauyi a zare waya a mayar. In ya ƙi, a ce ya tsufa, a nemi sabo. Ni kuwa ina ganin da yawa daga cikin waɗannan na'urori lafiyarsu lau, manhajar da ke cikinsu ce ta tsufa, kuma ana iya cire ta a zuba wata, kamar OpenWrt, manhajar rutar ta kyauta. Ina goyon bayan a riƙa yin haka, amma ba kowa da kowa ba, kuma ba a kowane irin rutar ba.

Rutar ƙaramar kwamfuta ce. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da ma'ajiya, yana da manhajar da kamfani ya zuba masa tun daga masana'anta. Shi ne zauren gida: duk saƙon WhatsApp, duk kuɗin da aka tura ta salula alhali ana kan wifi, duk darasin da yaro ya sauke, ta nan yake bi. Kamfanin da ya ƙera shi yakan toshe ɓarakar da aka gano na ƴan shekaru, daga nan ya koma kan sabon samfur ya bar tsohon yadda yake. Mu kuma abin da ke isowa kasuwanninmu sau da yawa tsohon zubi ne, ko wanda aka riga aka mora a wata ƙasa. Wato muna saye ne bayan mai shi ya riga ya janye hannu.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2016 muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rutar-rutar ta hanya mafi sauƙi, wato gwada sunan shiga da kod ɗin da kamfani ya sa, wanda masu gida ba su taɓa canjawa ba. Da su aka kai hari kan kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu a intanet, a watan Oktoba na shekarar, manyan shafuka kamar Twitter suka gagara buɗewa a sassan Amurka. A 2017 aka gano ɓarakar KRACK a tsarin WPA2 da kusan kowane wifi ke kulle kansa da shi. A 2018 masu binciken Cisco Talos suka ba da labarin VPNFilter, wadda ta shiga na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rutar ɗinsu su sake kunnawa. Mai gida a Yantala ko Talladje zai ce wa ya damu da ni? Masu wannan aiki ba sunan kowa suke nema ba, na'ura suke nema. In sun samu taka, da forfe ɗinka za su yi ɓarnarsu.

Damar canja manhajar ta samo asali ne daga wani rutar na Linksys mai suna WRT54G. An gano cewa da Linux, wata manhaja ta kyauta, aka gina manhajarsa, lasisin Linux kuwa ya wajabta wa duk wanda ya rarraba shi ya fito da rubutun manhajar fili. Da matsin lamba ya yi yawa, a 2003 kamfanin ya saki rubutun. Daga nan OpenWrt ta fito a 2004, DD-WRT da Tomato suka biyo baya. OpenWrt ce na fi ba shawara, don har yau masu aikin sa kai na duniya suna sabunta ta, tana aiki a kan na'urori masu tarin yawa, kuma kyauta ce.

Tsaro shi ne dalili na farko, amma abin da zai fi jan hankalin ɗan Nijar shi ne iko a kan forfe. Mu ɗauki gidan haya mai ɗakuna da yawa inda aka haɗa kuɗi aka ɗauki layi guda. Bayan sallar isha'i kowa ya dawo. Wani saurayi ya kunna bidiyo, salular wata ta fara tura hotunan biki da kanta, uwar gida kuma tana ƙoƙarin magana da ɗanta da ke Agadas, murya tana tsinkewa, tana ta "alo, alo, kana ji na?" Washegari rigima: wa ya cinye mega? Kowa ya rantse ba shi ba ne. A OpenWrt akwai ƙaramar manhaja mai suna nlbwmon da ke nuna abin da kowace salula ta sha, a rubuce, babu zargi. Akwai SQM, wadda ke tsara layin yadda mai sauke babban fayil ba zai danne mai kiran waya ba; ana gaya mata gudun layin, a rage kaɗan daga abin da aka auna, ita kuma ta raba. Gaskiya ta fi tasiri a layin da gudunsa ke tsaye, a kan 4G da ke hawa da sauka sai an yi ta daidaitawa. Ana iya toshe tallace-tallace tun daga rutar, kowace salula ta huta. Ana iya buɗe wa baƙi wifi nasu daban wanda ba ya ganin kwamfutar gida. Mai butik da ba ya son aikinsa ya tsaya yana iya haɗa layi biyu, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗauka. Har wanda ya kafa Starlink, tun da aka fara shi a Nijar a 2025, yana iya sa rutar ɗin kamfanin ya zama mashiga kawai, nasa rutar ya riƙe ragamar gida.

Abu ɗaya dai da ba ta yi, kuma gara a faɗe shi da babbar murya: ba ta ba da intanet kyauta, ba ta ƙara gudun da kamfani ya sayar maka. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari ya cuce ka.

To, me ya sa na ce ba kowa ba? Saboda garin neman gira ana rasa ido, kuma a garinmu haɗarin ya fi na wasu wurare. Lokacin da ake zuba sabuwar manhaja, rutar yana share tsohuwar yana rubuta sabuwar a wurinta. Mintoci kaɗan ne, fitilarsa tana ƙyaftawa. In kuran ya ɗauke a cikin mintocin nan, na'urar na iya tsayawa ba tsohuwa ba sabuwa, a kunna ta ƙi tashi. Wanda ya san watan Afrilu da Mayu a Yamai ya san wannan ba abin da za a bar wa sa'a ba ne. Sai da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko batirin sola da ya dace da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin na'urar, kuma da waya za a haɗa kwamfuta da rutar, ba ta iska ba.

Haɗari na biyu yana ƙarƙashin na'urar. Juya ta, za ka ga ƴar takarda manne, bayan sunan samfur an rubuta Ver ko V da lamba. Wannan lambar ita ce magana. Rutar biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya suna iya zama da kayan ciki daban, fayil ɗin da ya dace da V2 ya kashe V3. Sannan araha ba ta ado: ƙananan rutar masu ma'ajiyar mega 4 da ƙwaƙwalwar mega 32, irin yawancin zubin TL-WR841N, OpenWrt ta daina tallafa musu, kuma zuba musu tsohuwar fitowarta komawa ne cikin matsalar da ake gudu. A nemi mai ma'ajiyar mega 16 da ƙwaƙwalwar 128 zuwa sama. Archer C7 na TP-Link yana cikin waɗanda aka daɗe ana amfani da su. Masu kayan kamfanin Broadcom a ciki kuwa wifi ɗinsu ba ya tafiya daidai da OpenWrt. Duk wannan ana duba shi a jerin na'urorin da ke shafin OpenWrt kafin a taɓa komai.

Akwai kuma iyaka ta haƙƙi. Boks ɗin da Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms suka ba ka tare da layi yana ƙarƙashin yarjejeniyar da ke tsakaninku, kuma yawancin irinsu ma ba sa karɓar OpenWrt. A bar shi yadda yake, a jona naka rutar a bayansa. Haka nan a zaɓi Nijar a wurin da manhajar ke tambayar ƙasa, kada a ɗaga ƙarfin eriya don a kai wa kartiye gaba ɗaya. Iskar ta kowa ce, hukumar sadarwa ta ARCEP ce ke tsara ta, kuma rutar mai ihu yana kashe wifi ɗin maƙwabci ne ba tare da ya gyara naka ba, tun da ƙaramar eriyar salula ba ta iya mayar masa da amsa daga nesa.

Shi ya sa nake ganin wannan aiki na masu gyara ne. Matasan da ke zaune a Babbar Kasuwa da Katako suna flashe salula kullum, suna canja allo, suna liƙa ƙananan wayoyi da hannun da ba ya rawa. Wanda ya iya wannan ba abin da zai gagare shi a rutar. Abin da zai koya bai taka kara ya karya ba: bambancin fayil ɗin zubin farko da na sabuntawa, tantance fayil da lambar sha256, mai nuna bai lalace ba, kafin a zuba, farfaɗo da na'urar da ta sume ta hanyar TFTP, wato tura mata fayil ta waya daga kwamfuta, ko ta buɗe ta a jona waya a allon ciki. Masu kafa wifi zon a kartiyoyi sun riga sun saba da rutar ɗin MikroTik da yankan tikiti, su ma rabin hanya suke. Cibiyoyin koyon sana'a da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni suna iya mayar da wannan darasi na mako ɗaya ko biyu, da tsofaffin na'urorin da ke jibge a kasuwa.

Sai dai amana ce babba, domin wanda ya zuba manhaja yana iya barin wa kansa ƙofa. Don haka mai gida ya zauna a yi a gabansa. Ya ga an sauko da fayil daga shafin OpenWrt kansa, ba daga wani kile da ke yawo hannu zuwa hannu ba. OpenWrt tana tashi ne da wifi a kashe kuma babu kod a kan shafin sarrafawa, wanda ake shiga ta 192.168.1.1, mai gida ne zai buga kod ɗin da hannunsa, mai gyara ya kau da kai. A rubuta masa lambar fitowar da aka zuba a takarda ya ajiye. Kuma a yi ciniki tun farko cewa kuɗin aikin ya haɗa da dawowa a sabunta idan sabuwar fitowa ta zo, don OpenWrt ɗin da aka zuba aka manta da ita shekara uku ita ma ɓaraka za ta yi.