Rizistar gwaji ita ce mudunka

Assalamu alaikum 'yan uwana masu gyaran infata, caja da batiran sola.

Idan liman ya karanto Suratul Muɗaffifina, hankalinmu kan tafi wurin mai awon gero da ya buge gindin mudunsa, sai mu ɗauka ba da mu ake ba. Alhali mu ma masu awo ne. Bawan Allah ya kawo maka batir, ba ya ganin abin da ke cikinsa, maganarka kawai zai riƙe. Kai kuma maganarka ta dogara ne da babbar rizistar, wato na'urar da ke taƙaita gudun wuta, da ka ɗora wa batirin don ta ja wuta ka ga ƙarfinsa.

Mu yi lissafi. Batir mai bolt 12, idan ka haɗa shi da rizista mai om 1.2 (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta), za ta ja amfiya 10 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana), ta fitar da zafin wat 120. To idan rizistar irin mai kuskuren kashi 10 cikin ɗari ce, tana iya zama om 1.08, tana iya zama 1.32. Ka ga wutar da take ja ta tashi daga wajen amfiya 9 zuwa 11, kai kuwa kana rubuta 10. Da haka ake yanke wa lafiyayyen batir hukuncin mutuwa, magidanci ya je ya ci bashi ya sayi sabo. Da haka kuma ake sayar da gajiyayye a ce garau yake.

Ga kuma zafi. Rizistar nan mai rigar alminiyum da aka rubuta wa wat 100, ba ta ɗaukar ko wat 100 ɗin sai an ɗaure ta a kan farantin da ke shanye mata zafi. Ka ajiye ta tsirara a kan benci, ta yi jau, ƙimarta ta gurɓace, awonka ya tashi a banza. Wayoyin mitar da kake auna rizistar da ita ma suna da nasu ɗan om. Ka haɗa bakinsu ka ga abin da suka nuna, ka cire shi kafin ka yarda da adadin.

Na san rizista mai kuskuren kashi 1 ta fi tsada, kuma kasuwa ba daɗi. Amma mutanen Madyana, tauye mudu da sikeli na cikin abin da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana su, suka ƙi ji, aka halaka su. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Malam, kafin ka buɗe shago gobe, auna rizistarka tana sanyi, ka sake aunawa bayan ta yi aiki. Idan ka tarar ta kauce, akwai wanda ka ce wa batirinsa ya mutu a makon jiya. Lambarsa na cikin wayarka, kira shi ya dawo da shi a sake gwadawa.