Takardar ma'aikaci ta fi bakina daraja a birnin Niyok

Wallahi 'yan uwa raina a ɓace yake, yau kwana huɗu kenan da hukuncin tarar da aka ci ni a wurin sana'ata ya iso hannuna kuma har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina yana zafi. Ni mai tebur ne a bakin titi a Bronks, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, ina sai da huluna da safar hannu da mayafi da turare da cajar waya, kuma da lasisina, ba a ɓoye nake sana'a ba. Wanda bai san garin nan ba zai ɗauka lasisin abu ne da ake zuwa a cika fom a karɓa. A 1979 aka ƙayyade lasisin masu sai da kayan da ba abinci ba a kan 853 kacal, a birnin da ke da mutum sama da miliyan 8, sai tsofaffin sojoji da abokan auren waɗanda suka rasu a cikinsu ne kawai ƙa'idar ba ta hau kansu ba, kuma aka shafe sama da shekara 40 a haka. Ni sai da na yi shekara da shekaru sunana yana layi kafin ya fito. Ƙanina da ya zo bayana ya je nema aka ce masa layin ma a rufe yake, ya ce to ina zai kai kuka, aka ce babu, tunda ai ba a ma karɓi takardarsa ba balle a ce an hana shi. To wanda ko ƙofa ba a buɗe masa ba wace ƙara zai ɗaukaka?

Abin da ya same ni kuwa, ranar wata Talata ana tsananin sanyi ma'aikacin hukuma ya tsaya a gabana ya rubuta min tikiti, wato takardar tuhumar karya doka, wai teburina bai kai ƙafa 20 daga ƙofar shagon da ke bayana ba. Dokar na san ta kamar yunwar cikina, ƙafa 20 daga ƙofar gini, faɗin hanyar masu tafiya ya kai ƙafa 12, tebur kada ya wuce ƙafa 8 a tsawo da 3 a faɗi, kullum da tef ɗin awo a aljihuna saboda irin wannan ranar. Na ce masa ranka ya daɗe ga tef mu auna tare, ko kallona bai yi ba, ya ce in je in faɗa a wurin sauraron ƙara. Yana tafiya na auna, ƙafa 22 da ɗoriya, na ɗau hoto, maƙwabcina mai sai da 'ya'yan itace yana tsaye yana gani.

Na ce to Alhamdulillah tunda akwai inda za a saurare ni. Aka sa rana, ta waya ake yi, don tun zamanin korona yawancin zaman ya koma waya. Ranar ban fita kasuwa ba, na zauna a ɗaki tun safe waya a kunne ina jira a kira lambata, aka nemo tafinta na Hausa da ƙyar, layi yana yankewa, ina faɗin magana mai tsawo shi kuma yana mayar da ita kalma biyar, ina jin Turanci daidai gwargwado don haka na san abin da ya zubar a hanya. Shi ma'aikacin da ya rubuta tikitin bai zo ba. Bai zo ba fa! Kuma doka ba ta tilasta masa zuwa ba, takardar da ya sa wa hannu da rantsuwa ita kaɗai ta isa hujja sai in kai ka rushe ta. Ta yaya zan yi wa takarda tambaya? In ce mata daga ina kika fara awo, daga bakin ƙofa ko daga kusurwar gini, da tef kika auna ko da ido? Mai sauraron ƙarar ta ce hotona bai nuna lokacin da aka ɗauka ba, mai yiwuwa na ja teburin bayan ma'aikacin ya wuce. Wato ni da na zo da hoto da shaida ana iya zargina da ƙarya, wanda ko muryarsa ba a ji ba shi ne mai gaskiya.

Aka tabbatar min da tara dala 250. Wani zai ce ai ba yawa, to ya zo ya tsaya cikin dusar ƙanƙara ya sai da hula ɗaya ɗaya ya ga huluna nawa ne ke kawo ribar 250, ga yinin da na rasa, ga haya, ga iyaye a gida suna jiran abin da zan tura. Kuma ba kuɗin ne kaɗai ke cina ba, tarar nan hawa take in an maimaita, in tikiti suka taru a sunanka suna iya jawo a dakatar ko a ƙwace lasisin da ka yi rabin ƙuruciyarka kana jira.

An ce in ɗaukaka ƙara, kwana 30 gare ni, 35 in ta gidan waya hukuncin ya zo. Amma sai na biya tarar tukuna, ko in cika wata takardar in nuna talaucina a yafe min biya kafin a duba, sannan in tura kwafi ga hukumar da ta rubuta min tikitin, kuma a rubuce ake yi ba a baki ba, kuma abin da aka riga aka gabatar a zaman farko shi za a duba, sabuwar hujja da wuya ta shiga. Lauya kuma ba a ba ka tunda ba shari'ar laifi ba ce. In afil ya faɗi sai kotun jiha, abin da suke kira Atikul 78, cikin wata 4, kuɗin buɗe fayil dala 210 da wata 95 ta neman a sa alƙali, 305 kenan kafin ka ga fuskar lauya, a kan tarar 250. Wane talaka ne zai bi wannan hanyar? Shi ya sa da yawa daga cikinmu, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Senegal da ke layin nan, biya kawai suke yi su yi shiru ko da su ke da gaskiya, wasu kuma tsoro ya hana su halartar zaman a yanke musu hukunci a bayan ido da tarar da ta fi ta farko.

Ni dai ba zan bari ba. Na ranci kuɗi na biya, na samu wata yarinyar unguwarmu da ke jami'a za ta taya ni rubutun afil ɗin a daren nan. Kuma daga yanzu duk safiya kafin in shimfiɗa kaya sai na ja tef daga ƙofar shagon zuwa ƙafar teburina na ɗau bidiyo da kwanan wata da lokaci a jiki, na faɗa wa duk 'yan layinmu su ma su riƙa yin haka.