Ƙidayar ambato da buhun da aka zuba aikin mutum biyu

Kwanakin baya wani abokina da ke zama a kwamitin ƙarin girma na wata jami'a ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ce, "Malam, duba nan ka faɗa mini abin da ka gani." Shafin Google Scholar ne na wani malami mai neman kujerar farfesa. Daga sama ga lambobin ambato masu ɗaukar ido, wato sau nawa wasu masu bincike suka kawo sunan maƙalolinsa a rubutunsu. Daga ƙasa ga jerin maƙaloli: ta farko kan yadda kuɗin makaranta ke tsayar da karatun 'ya'ya mata, mai bi mata kan yadda ruwan sama ke nutsewa cikin ƙasa a gaɓar wani kogi, sai wata kan albashin malaman firamare, sai kuma wata kan ambaliya. Na ce lallai wannan gwani ne, tattalin arzikin ilimi da kimiyyar ruwa duk a hannu ɗaya. Abokina ya kwashe da dariya. Ashe mutum biyu ne, sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, ko haɗuwa ba su taɓa yi ba. Na'ura ta kwashi aikin wancan ta zuba a buhun wannan, mai buhun kuma ya ji nauyin ya yi masa daɗi, bai ce uffan ba.

A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne. Je kowace tsangaya ka ƙirga masu suna Muhammad da Abubakar da Ibrahim, sannan ka tuna cewa mujalla takan rage sunan mutum zuwa harafi ɗaya. Malaman hadisi sun gamu da wannan matsala tun ƙarnoni da dama, har suka ware mata fanni na kanta, na maruwaitan da sunansu da na iyayensu suka zo ɗaya amma mutanen daban ne, kuma Khaɗibul Bagadadi ya yi littafi a kai. Su kan zauna su tantance mutum da mutum. Mu kuwa mun miƙa wa na'ura. Akwai lambar ORCID da aka soma rabawa a 2012 don kowane mai bincike ya sami shaidarsa shi kaɗai, kyauta ce, amma kafin kwamiti ya amfana da ita sai ya nema.

To, a ce an share shafin, kowa ya ɗauki kayansa. Me lambar da ta rage take aunawa?

Eugene Garfield, Ba'amurken da ya fito da kundin ƙidayar ambato a 1964, hanya yake nema da mai karatu zai bi sawun wata maƙala ya ga waɗanda suka yi gini a kanta. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo ma'aunin da ake kira h. Lissafinsa ba wuya: idan an ce naka 20 ne, kana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Hirsch da kansa ya yi kashedi a wannan takarda cewa lamba ɗaya ba za ta ba da cikakken hoton mutum ba. An ɗauki lambar, an bar kashedin a inda yake.

Abin da nake gani shi ne, ambato yana nuna yawan waɗanda suka yi maganarka a cikin mujallun da na'ura ke leƙawa. Ba ya nuna ko gaskiya ka faɗa, balle ko wani ya amfana. Fannonin nan biyu da suka cakuɗe a shafin mutumin sun isa shaida.

A tattalin arzikin ilimi, kaɗan ne suka kai George Psacharopoulos yawan ambato. Bagirke ne da ya daɗe yana aiki a Bankin Duniya, ya riƙa tattara lissafin ribar da ƙasa ke samu idan ta zuba kuɗi a karatu, ya sabunta shi a 1985, ya sake sabunta shi a 1994. Sakamakon da kowa ya haddace shi ne firamare ta fi jami'a riba, musamman a ƙasashe matalauta. Wannan lissafi na cikin hujjojin da masu ba da bashi suka riƙe a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da Najeriya ta shiga shirin SAP a 1986, aka riƙa cewa gwamnatocin Afirka su sassauta wa kansu nauyin jami'o'i. Wanda ya yi karatu a wancan zamani ya san yadda ɗakin karatu ya koma, shekara da shekaru ba sabuwar mujalla, malamai suna ta ficewa. A 1996 Paul Bennell ya koma ya bi binciken Afirka da aka gina lissafin a kansu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa da yawansu bayanansu ba su da ƙwarin da za su ɗauki wannan hukunci. A 2000 rahoton wani kwamiti da Bankin Duniya da UNESCO suka kafa ya dawo yana cewa ƙasa mai tasowa ba ta yi sai da ilimi mai zurfi. Duk tsawon wannan lokaci lambar ambato hawa take yi. Wanda ya yarda da lissafin ya ƙara mata ɗaya, wanda ya zo ya rushe shi ma ya ƙara mata ɗaya.

Haka abin yake ga Eric Hanushek na Jami'ar Stanford, wanda ya karɓi kyautar Yidan ta binciken ilimi a 2021. Maƙalarsa ta 1986 ta ce babu wata alaƙa mai ƙarfi da ake iya dogaro da ita tsakanin yawan kuɗin da ake kashe wa makaranta da ƙwazon ɗalibai. An shafe shekaru ana kai ruwa rana a kanta, masu goyon baya da masu suka, kuma kowannensu sai ya kira sunansa kafin ya fara. Babban malami ne, ba musu. Amma mai ƙidaya bai san bambancin kirari da zambo ba.

Kimiyyar ruwa kuma nata salon daban ne. Akwai wata maƙala ta 1970 da Nash da Sutcliffe suka rubuta, suka kawo hanyar auna ko lissafin kwamfuta ya yi daidai da ainihin ruwan da ya gudana a kogi. An ambace ta sau dubbai masu yawa, domin duk wanda ya yi amfani da wannan awo sai ya sa sunansu, kamar sallama a bakin zaure. Nawa ne suka buɗe ta suka karanta, Allah masani.

Yanzu dawo gida. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu, lokacin zuwansa ma ya canza. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonar da ke jiran ambaliya ta bushe, wadda ba ta so kuma ta nutse. A shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun lissafa abin da manomin shinkafa da masunci da mai itace ke samu daga wannan ruwa in an bar shi ya sauka, suka gwada da abin da noman rani na aikin Kogin Kano ke bayarwa, suka ga fadama ta fi riba nesa ba kusa ba a kan kowane ma'aunin ruwa. Duk wanda zai yi maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, dole ya bi ta kan wannan aiki. Ba zai taɓa kama ƙafar Nash da Sutcliffe a ƙidaya ba, don masu rubutu kan kogin Yobe ba su da yawa a duniya. A ƙarƙashin wannan aiki kuma akwai wanda ba ya shiga kowane lissafi: ma'aikacin da ke sauka bakin kogi a Wudil ko Gashuwa da sassafe, ya duba inda ruwa ya kai a jikin sandar awo, ya rubuta a littafi, rani da damina. Da rubutunsa ake gina duk wani hasashe na ambaliya. Ranar da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga Maiduguri, irin wannan ilimi ake buƙata: wanda ya san kogin Ngadda, ya san jikin ginin, ya rubuta rahoto, aka kuma sami mai karantawa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kafin zuwan lambobi, ƙarin girma na hannun wa ka sani ne, shugaban sashe ya danne takardunka shekara uku don kun saɓa, mai tantancewa daga waje ya ajiye ambulan ɗinka a ƙarƙashin gado. Lamba aƙalla ba ta da ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a jefar da ita ba. Sai dai ita ma ana yi mata dabara. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiro masanin da babu shi, Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙaloli wajen ɗari na shirme masu ambaton juna, sai ga shi da ma'aunin h na 94 a Google Scholar, sama da Einstein. Namu salon ya fi sauƙi: sa sunana a taka in sa naka a tawa, ɗalibi kuma ya san ba zai fita ba sai ya jera maƙalolin mai duba shi.

Sanarwar San Francisco ta 2012 kan tantance bincike ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa. A aikace wannan ba ya buƙatar kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Mai neman kujera ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar, ya rubuta shafi ɗaya kan abin da kowanne ya gano da wanda ya yi aiki da shi, ma'aikatar ilimi ce ko hukumar kogi ko ƙungiyar manoma. Masu fannin su karanta. In za a duba lamba, a gwada mai ruwa da mai ruwa, mai ilimi da mai ilimi, bayan an tabbatar shafin na mutum ɗaya ne.

Abokina ya ce abin da suka yi ke nan a ƙarshe, ba don tsari ya tanada ba, sai don dole. Sun kira malamin, suka ce ya ware nasa. Maƙalolin ruwa suka koma ga mai su, lambar ta faɗi ƙasa da rabi. A cikin abin da ya rage akwai wata ƙaramar maƙala kan dalilin da ya sa yara ke barin aji da zarar an fara girbi, wadda mutum huɗu kacal suka ambata. Ita ce kaɗai duk 'yan kwamitin suka karanta har ƙarshe, kuma a kanta suka kwashe awa guda suna gardama.