Takardar shaidar tsabtar abinci ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce

Sau da yawa ina jin 'yan'uwa masu sana'ar abinci a Makka da Jidda suna cewa neman takardar shaidar inganci asarar kuɗi ce, ai ɗanɗano ke kawo mai saye. Wanda zai tsaya ya sayi masa a unguwar Misfala ta Makka, eh, ɗanɗano yake bi. Amma otal ko kamfanin da ke ciyar da dubban alhazai, kafin ya ɗanɗana miyarki takarda zai tambaya, domin idan cikin mutane ya ɓaci shi za a kama.

Kuma abin ba hatimi ba ne kawai. Tsarin HACCP, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati, yana sa ki gano daidai inda abinci zai iya lalacewa, ki riƙa aunawa kina rubutawa. Ɗauki shinkafar da aka sauke da hantsi, ta zauna a kula har la'asar cikin zafin Makka. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Celsius ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma hanci ba ya jin su. Mai wannan tsari ma'aunin zafi take tsomawa a tukunya, ta rubuta lokaci.

Wallahi abin na damuna in ga gwanayen tuwo da miyar kuka suna rasa kwangila a kan rashin takarda. Matakin farko shi ne katin lafiya na baladiyya, wato hukumar gari, ga duk mai taɓa abinci. Su HACCP da ISO 22000 (tsarin lafiyar abinci na ƙasa da ƙasa) sai ciniki ya fara bunƙasa.