"Ai Na Warke": Maganar da Ke Kwantar da Magidantanmu

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar La'asar, na je duba wani abokina da aka kwantar a asibiti a nan Birnin Kebbi. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, kuma har yau bai cika shekara hamsin ba. Mutum ne da ke saɓa buhun shinkafa shi kaɗai ya ɗora a kan babur, amma sai na tarar da shi a kwance, baki ya karkace, hannun dama yana yashe a gefen gado kamar ba nasa ba, mai ɗakinsa tana goge masa yawu da bakin mayafinta. Ya gane ni sarai, ya yi ta ƙoƙarin kiran sunana harshe ya ƙi, sai hawaye. Da na fito, ƙanensa ya biyo ni baranda, ya zaro wani kwalin magani daga aljihu ya ce, "Yaya, dubi abin da muka samu ƙarƙashin katifarsa." Maganin hawan jini ne mai ƙwaya 30, goma sha ɗaya kawai aka ɓalle, kuma tun daminar bara aka rubuta masa shi.

Ina tsaye da kwalin nan a hannu na tuna ranar da ya faɗa mana a majalisa, yana dukan ƙirji, cewa, "Ni kam na warke, ban jin komi, mi zan yi da ƙwaya kullum kamar tsoho?" Mutum bakwai ne a kan tabarmar, babu wanda ya ce masa kul, har da ni. Wannan shirun yana damuna har yanzu, shi ya sa nake rubuta wannan ga tsararrakina da ƙannenmu, musamman waɗanda aka fara gaya wa cewa jininsu ya hau.

Duk wanda ya yi noman rani a fadama ya san injin ban-ruwa da mesarsa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne mesa. Idan ƙarfin turin ya wuce kima dare da rana, shekara da shekaru, mesar takan sassake ko ta toshe, kuma wata rana sai ta fashe a inda ta fi rauni. In abin ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In a ƙoda ne, sai a wayi gari ana maganar wankin ƙoda, aikin da ke cinye gona da gida. Ido ma yakan tafi, ita kanta zuciyar takan kumbura ta gaji. Lambobi biyu da ma'aikacin lafiya ke karanta maka bayan ya ɗaura na'ura a damtse, na sama shi ne ƙarfin turin lokacin da zuciya ta buga, na ƙasa kuma lokacin da ta saki. Wajajen 120 bisa 80 shi ne na mai lafiya. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ya tabbata, ko da mutum yana jin zai iya kokawa da sa.

Nan ne mutanenmu suke ruɗuwa, domin mun saba auna ciwo da zafinsa. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da kai, ka sha magani kwana uku, ka miƙe. Hawan jini ba haka yake ba, yawancin masu shi ba sa jin ko ciwon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan ɗaya da miliyan 200 ne ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar ya shawo kansa. Saboda haka idan mutum ya ce mini "ba na jin komai", ban ga hujjar da ya kawo ba, domin abokina ma ba ya jin komai har zuwa daren da ya tashi zai yi alwala buta ta suɓuce daga hannunsa.

Maganin hawan jini ba ya tumɓuke cutar, riƙe ta yake yi. Ga yawancin mutane abin shan yau da gobe ne har iyakar rayuwa, sai dai likita ya rage ko ya sauya. Idan ka sha mako biyu aka auna aka ga jini ya sauka, maganin ne yake aiki, ba warkewa ka yi ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa a jihar nan, ya san amfanin jinga. Shin akwai manomi mai hankali da zai ce tunda ruwa bai shigo gonarsa ba bara, bari ya rushe jingar bana? To wannan shi ne ainihin abin da mai cewa "ai na warke" yake yi. Ya ga gona a bushe ya manta abin da ya tare ruwan. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dalilan da ake kawowa. Wani ya ce an gaya masa ƙwaya tana kashe ƙoda, alhali jinin da aka bari yana hauhawa shi ne ke cikin manyan masu kashe ƙodar. Wani ya ce in ka fara sha jikinka zai saba, kamar dai maganin ne ya kawo ciwon. Wani ya raɗa maka cewa yana rage wa namiji kuzari, ya kasa faɗa wa likita saboda kunya, ya gwammace ya jefar da kwalin, bai san cewa hawan jinin da kansa yana lalata wannan kuzarin ba. Gaskiya ne wasu magungunan suna da 'yar matsala: amlodipine kan sa ƙafa ta kumbura ga wasu, lisinopril kan kawo busasshen tari, masu sa fitsari kuma sukan dami mutum da zirga-zirga. Amma magungunan iri-iri ne, in wannan bai karɓe ka ba akwai wani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka koma ka faɗa a sauya maka, kada ka yanke wa kanka hukunci a ɗaki.

Akwai masu cewa tsada, kuma ba na raina wannan, domin na san halin da ake ciki, na san gidajen da sai an yi lissafi kafin a ɗora tukunya. Amma wasu masu wannan kuka, kuɗin da suke zubawa a data a mako guda don kallon shirme a waya ya isa ya sayi maganin wata. Mutum zai ɗinka shadda sabuwa don bikin da ba a ma gayyace shi da muhimmanci ba, zai yi liƙi a gaban maroƙa, amma ƙwayar da za ta riƙe masa rai ita ce ta yi tsada.

Sai kuma masu motar lasifika da ke tsayawa a bakin kasuwa ranar cinta, suna rantsuwa cewa gora ɗaya tana maganin hawan jini da ciwon suga da basir da sanyi gaba ɗaya, cikin kwana bakwai. Abokina gora uku ya saya. Ban ce babu amfani a itatuwanmu ba, kuma zoɓo marar sukari ko tafarnuwa a miya ba laifi ba ne, amma babu ɗayansu da zai tsaya a madadin maganin da aka auna jininka aka rubuta maka. Mai gorar nan bai auna ka ba, bai san ƙodarka ba, kuma ranar da ka faɗi yana wata kasuwar. Haka nan saƙonnin WhatsApp da ake turawa babu sunan mai su, mutum ya karanta ya fi yarda da su a kan ma'aikaciyar jinyar da ta shekara ashirin tana wannan aiki. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda aka sanar ya toshe kunne, nasa ya fi muni.

Kada kuma wani ya fake da tawakkali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu shakka, amma jikin nan amana ne, kuma matar da za ta shekara tana juya ka a kan gado da yaran da za a cire daga makaranta su ma suna da hakki a kanka. Ko azumi ba hujja ba ne, domin da yawa daga magungunan sau ɗaya ake sha a yini, likita zai iya tsara maka shi da sahur ko bayan buɗa-baki.

Ga wanda aka fara gaya wa cewa jininsa ya hau, sauran abubuwan sanannu ne. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da ake marmasa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, da yajin tsire, da kanwa. A riƙa tafiya da ƙafa kamar minti 30 a yawancin ranakun mako, a rage teɓa, a bar sigari da shisha. A kiyayi sayen diclofenac da ibuprofen a kemis kamar gyaɗa don ciwon jiki, domin suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Mai juna biyu kuwa kada ta yi wasa da awon ciki, domin hawan jini ne ke kai wa ga jijjiga. Samarin da ke ganin wannan ciwon tsofaffi ne, suna kwankwaɗar lemun ƙara kuzari gwangwani uku a yini suna kwana a kan waya, su je a auna su su gani. Amma duk waɗannan ba su ɗauke wa kowa shan maganin da aka rubuta masa ba.

Ina tuna iyayenmu. Ba su da karatun da muke taƙama da shi, amma idan malamin asibiti ya ce a sha abu safe da yamma, mahaifina yakan ƙulle shi a leda ya rataya kusa da buzunsa na salla don kada ya manta. Da ƙafa suke zuwa gona su dawo, miyarsu daddawa ce da kuka, kuma idan babba ya ga ƙaraminsa yana wasa da lafiyarsa yakan kira shi zaure ya yi masa faɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Yanzu kowa likitan kansa ne, kowa malamin kansa ne, daga ƙofar gida zuwa masallaci sai an hau babur, kuma in ka yi wa mutum magana sai ya ce ka sa masa ido. Mun bar yi wa juna faɗa har mun koma sai dai mu haɗu a jana'iza muna cewa ai jiya ma muna tare.

Ko a daren da abokina ya faɗi, sai da aka kwana ana hayaƙi ana cewa iska ce ta shafe shi, ba a kai shi asibiti ba sai da hantsi. Duk wanda ya ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, to a nemi mota a lokacin, a yi addu'ar a hanya, domin awannin farko su ne masu tsada.

Da na koma majalisa a daren Talatar nan na ba da labari, kowa ya yi salati, aka yi ta jimami. Can sai ɗaya daga cikinmu, wanda ya girme ni da shekara biyu, ya ce a hankali shi ma ya kusa wata huɗu rabonsa da nasa maganin, tunda kansa ya daina ciwo. Wannan karon ban yi shiru ba. Na gaya masa ranar Alhamis da safe zan zo ƙofar gidansa da babur, mu tafi tare a auna shi, kuma na roƙi babban ɗansa ya nemo mini kwalin duk inda ya ajiye shi.